Inuwa Biyu a Bangon Ɗakin Sadiqa

Sadiqa tana durƙushe a tsakar ɗaki tana ninke zannuwan gado ta fara ganin tabon. La'asar ce, rana ta shigo ta taga ta kwanta a jikin bango, ɗakin duk ya ɗauki haske kamar an barbaɗe shi da garin ɗorawa. A bayan ƙofa, can ƙasa, daidai inda kan mutum zai kai in yana zaune, akwai wani wuri mai duhu-duhu wanda jiya babu shi. Ta jiƙa tsumma ta goga. Bai fita ba. Ta sake gogawa har hannunta ya gaji, sai ma ya ƙara fitowa.

Watanta shida ke nan da tarewa a Roni, kuma tana ɗauke da cikin fari. Mijinta Rilwanu malamin firamare ne, mutum mai ƙarancin magana. Tun suna zance a ƙofar gidansu a Kazaure ta taɓa faɗa masa cewa ita a ɗaki mai duhu ta tashi, ita da ƙannenta, don haka in Allah ya ba ta nata ɗakin tana son kalar da za ta sa kullum ta ji kamar hantsi ne. Bai ce komai ba ranar. Ana saura kwana kaɗan 'yan jere su zo, ya buɗe tsohon ɗakin mahaifiyarsa, marigayiya Dela, wadda ta rasu yana ɗan shekara biyar. Tun rasuwarta buhunan gero ake jibgewa a ciki, bangon kuwa hayaƙi ya mayar da shi baƙi. Ya kwashe buhunan, ya share, ya sayo fentin ruwa rawaya mai haske, ya shafa da hannunsa. Saboda sauri ko kankare bangon bai yi ba.

Ranar jere, Gwaggo Mairo, ƙanwar mahaifin Sadiqa, ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe haɓa, ta tambaya ko ɗakin amarya aka kawo su ko shagon sayar da katin waya. Aka yi ta dariya. Ita kuwa amarya da aka kawo ta, ta ɗaga mayafi ta ga bangon, sai da ta yi hawaye a ɓoye, don ta gane mutumin nan yana jin maganarta ko da bai amsa ba.

Da Rilwanu ya dawo daga makaranta ta nuna masa tabon. Ya ce wataƙila danshi ne, ya ɗauko ragowar fentin ya rufe wurin. Bangon ya koma tas.

Amma zafin bazara na ƙaruwa, abin na dawowa. Wannan karon ba tabo ba ne kawai. Sama ya yi zagaye kamar kai, ƙasa ya buɗe kamar kafaɗu, kan ya ɗan karkata gefen hagu kamar mai sauraren wani abu. Da rana tsaka, in gida ya yi tsit, wani ƙamshi mai nauyi yakan tashi a ɗakin, wanda ba na turarenta ba ne, ba kuma na girki ba. Kiyashi suka fara jeruwa a gefen inuwar suna bin zagayenta, har in mutum ya ƙura ido sai ya ga kamar tana numfashi.

Wata yarinyar maƙwabta da ta shigo aron rariya ce ta fara gani. Ta ajiye rariyar ta fita da baya. Kafin magariba matan gidan, matan baffannin Rilwanu, sun leƙo ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta yarda ta wuce bakin ƙofa. Babbarsu ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Wannan ai zaman Dela ne. Haka take karkata kai."

Daga ranar babu mai shiga ɗakin Sadiqa. In ta aika da abinci sai a ce an ƙoshi. Ta ji ana raɗa a bakin murhu cewa mai ɗaki ba ta yi na'am da wadda aka saka mata ba, wasu kuma suna cewa ai ɗakin shekara da shekaru lafiya yake, sai da aka kawo 'yar Kazaure. Rilwanu ya kira malami ya yi karatu, aka yayyafa ruwan tofi, aka sake fenti har shafi biyu. Sadiqa ta yi ta addu'a Allah ya sa ƙarshen abin ke nan.

Wata safiya ta tashi share ɗaki, ta tura ƙofa, sai tsintsiya ta faɗi daga hannunta. Inuwar ta dawo. Kuma ba ita kaɗai ba ce. A gefenta na hagu, ƙasa da kafaɗa, daidai inda kan ya karkata, wani ƙaramin zagaye ya fito, kamar kan yaro.

Ta dafa cikinta da hannu biyu, ta kasa ko kiran sunan Allah da ƙarfi.

Labari bai kwana ba ya isa Kazaure. Washegari Gwaggo Mairo ta sauka daga mota da sassafe. Ta leƙa bayan ƙofa sau ɗaya, ta ja Sadiqa waje, ta zaunar da ita a gindin darbejiya. Ta ce abin a fili yake, ba ya buƙatar malami: matacciya ta zauna, kuma ta nuna abin da take jira.

"Gwaggo, don Allah ki daina faɗin haka," in ji Sadiqa. "Wanda ya mutu ai ya tafi."

"To wa ya zana miki wannan? Ni? Ke dai soyayya ta toshe miki kunne. Tun ranar da na ga kalar nan raina bai kwanta ba."

Saƙon da ta kawo daga mahaifin Sadiqa, Malam Muhammadu Lawal, ya fi maganarta nauyi. Dama al'ada ce mai cikin fari ta koma gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a can, ta dawo bayan arba'in. To shi ya ce ranar Asabar zai zo da kansa ya ɗauke ta, kuma ba za ta sake taka gidan nan ba. In Rilwanu na son matarsa ya nemi wani gida, in ba zai iya ba ya sauwaƙe mata. Kowa ya san malamin firamare mai riƙe da ƙanne ba zai iya ba.

Da yamma, bayan Gwaggo ta tafi, Rilwanu ya zauna a bakin gado yana fuskantar bangon. Sadiqa ta zaci zai ce duk camfi ne, kamar yadda ya saba cewa. Sai ta ga idanunsa sun yi ja.

Ya ce mata shi ne ɗan farin mahaifiyarsa, kuma a gidansu na Fulani kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Ana yaye shi aka mayar da shi ɗakin kakarsa. Abin da yake iya tunawa kaɗan ne: in ya rugo wurinta a tsakar gida sai ta kawar da kai, in ya faɗi wata ce ke ɗaga shi, sunansa kuwa bai taɓa jin ya fito daga bakinta ba. Ya san al'ada ce, ya ce, amma ya ga wasu iyayen ko da satar kallo suna yi.

"Ban taɓa faɗa wa kowa ba, Sadiqa. Tun ina yaro nake jin kamar ba ta so na. To in ba ta so ni ba, yaya za ta so abin da na kawo ɗakinta? Ki bi Baba. Gara in rasa ki kina raye."

"Malam," ta ce, don haka take kiransa, "kai ma ka yarda ke nan?"

Ya sunkuyar da kai. Ta juya masa baya ta yi kuka mai isarta, ba don tsoro ba wannan karon.

Ranar Alhamis matan gidan suka tafi ta'aziyya wani ƙauye, Rilwanu yana makaranta, gidan ya rage daga ita sai awaki. Rana ta take, kwanon rufi yana ƙara shi kaɗai saboda zafi. Ƙamshin nan ya cika ɗakin fiye da kullum. Sadiqa ta tsaya a tsakiya tana kallon inuwa biyun, suna nan zaune a cikin hasken rawaya kamar masu jiran a yi musu sallama. Zuciyarta ta ce ta fita. Amma ta tuna jibi war haka za a raba ta da mijinta a kan abin da ko taɓa shi da kyau ba ta taɓa yi ba tun da ya yi kama da mutum.

Ta yi bisimilla, ta taka a hankali, ta zauna a ƙasa kusa da babbar inuwar. Bangon da ɗumi, kamar yanzu wani ya tashi daga wurin. Ta runtse ido ta kai hanci, sai ta gane ƙamshin. Man shanu ne, irin wanda matan ruga ke shafawa a kitso. Ta shafa yatsa ta duba, yatsan yana maiƙo.

Iska ta turo ƙofar, ta buɗe gaba ɗaya, ta ɓoye Sadiqa a bayanta ruf. Daga inda take zaune ba ta ganin tsakar gida, wanda ke tsakar gida ma ba zai taɓa ganin ta ba, ko da ya leƙo. Ta daɗe a wurin. Ta ce a ranta, wanda ya zaɓi wannan lungu ba tsoratarwa ya zo yi ba, ɓuya yake yi.

Da Rilwanu ya dawo ta tambaye shi wa ya fi kowa sanin mahaifiyarsa a cikin waɗanda ke raye. Ya ce Yafendo Saude, ƙanwarta, wadda ta zauna a ɗakin tana budurwa. Tana wata ruga can bayan Gwiwa, ciwon ƙafa ya hana ta zuwa bikinsu, kuma mutanen rugar sun tashi daga inda ya san su. Sadiqa ta roƙe shi ya nemo ta. Ya ce me tsohuwa za ta yi wa abin da malami ya kasa? Ta ce ita dai bai taɓa hana ta abin da ta roƙa ba, kada ya fara yanzu. Bayan sallar Juma'a ya hau babur ya tafi.

Asabar ta yi bai dawo ba, wayarsa kuma ba ta shiga. Da hantsi motar Malam Muhammadu Lawal ta tsaya a ƙofar gida. Ya zauna a zaure, Gwaggo Mairo ta shiga ta fara tura kayan Sadiqa cikin jaka, tana yi tana kauce wa bayan ƙofa. Sadiqa ta je ta durƙusa a gaban mahaifinta. Ba ta ce ba za ta tafi ba. Ta ce duk abin da ya yanke ita mai bi ce, alfarma ɗaya take nema, a jira mijinta zuwa la'asar, kada ya dawo ya tarar da ɗaki babu kowa. Malam ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce zuwa la'asar, ba ƙari.

Azahar ta wuce. Inuwar katanga ta fara tsawo. Gwaggo ta fito da jaka ta ajiye a bakin zaure, ta ce ai ga irinta nan, mijin ma ya gudu ya bar mata matattunsa. Sadiqa tana zaune a kan tabarma tana sauraren hanya. Ladan ya kira la'asar, Malam ya yi salla, ya miƙe ya gyara babbar rigarsa. Ita ma ta miƙe ta ɗauki mayafinta.

A lokacin ne suka ji ƙarar babur.

Rilwanu ya shigo fuskarsa duk jar ƙasa, yana riƙe da hannun wata tsohuwa siririya mai dogara sanda. Bayan gaisuwa ta ce a kai ta ta ga abin da ya sa aka ɗauko ta daga cikin shanunta. A bakin ƙofa ta tsaya ta ƙifta ido, ta ce oh, Dela da ta ga ɗakinta haka da ta ce rana ce ta faɗo ciki. Sannan ta tura ƙofar ta leƙa baya.

Matan gidan sun taru a tsakar gida, babu mai motsi. Sai suka ji wani sauti, suka kasa gane dariya ce ko kuka. Yafendo Saude ta zauna a ƙasa, ta ɗora tafinta a kan babbar inuwar, ta sunsuna, hawaye na bin kumatunta. Ta ce a kira mata baban yarinya, ta san uba ba ya shiga ɗakin 'yarsa, amma yau ya daure ya zo bakin ƙofa.

"Wannan kan Adda Dela ne, gaskiya kuka faɗa," ta ce. "Amma ba daga kabari ta zo ba. Man kitsonta ne bango ya sha. Da bangon baƙi ne ba a gani, yanzu kun shafa masa haske, zafi ya narko da man." Ta mayar da hannunta kan ƙaramin zagayen, ta dubi Rilwanu. "Wannan kuma, ɗan nan, ƙeyarka ce."

Rilwanu ya dube ta kamar bai ji ba.

Ta ba su labarin a hankali. Kullum da rana tsaka, in maza sun tafi gona, kaka ta kwanta, Dela takan aike ta ta ɗauko yaron a asirce. Sai ta buɗe ƙofa gaba ɗaya don kada a yi zargin komai, ta shige bayanta da shi. Ta shafe masa kai da man shanu, ta jingina shi da bango a gefenta, ta kwantar da kanta wajensa tana sauraren numfashinsa har ya yi barci. Kafin gida ya tashi an mayar da shi. Tun daga yaye har ciwon ajalinta ba ta fasa ba.

"Ni ce mai gadi a bakin ƙofa. A tsakar gida ba ta kallonka, don kunya. A nan kuwa sunanka take ta faɗa ƙasa-ƙasa, Rilwanu, Rilwanu, har in ce mata Adda, za ki ƙarar da sunan nan."

Rilwanu ya durƙusa. Ya kai goshinsa jikin bangon, kafaɗunsa na girgiza, ya yi kukan da bai yi ba ranar da aka binne ta. Sadiqa ta so ta riƙe shi, idon mahaifinta ya hana ta, sai ta tsaya tana share nata hawayen da bakin mayafi. Babbar matan gidan ta sunkuyar da kai ta ce Allah ya jiƙan Dela, shekara nawa suna gida ɗaya ba su sani ba. Gwaggo Mairo ta matso ta shafa bangon, ta sunsuna yatsanta, ta ce to ita dai har yanzu kalar ba ta yi mata ba. Wannan ne ya sa aka yi dariya cikin hawaye.

Malam Muhammadu Lawal bai yi dariya ba. Sadiqa ce 'yarsa ta fari, shi ma bai taɓa kiran sunanta ba. Ya dube ta, kallon da ya fi na kullum tsawo, sannan ya juya ga surukinsa.

"Tashi, Rilwanu. Na yanke hukunci a kan abin da ban bincika ba, Allah ya yafe mana. Yau zan tafi da ita goyon ciki kamar yadda ake yi. In an yi arba'in ka zo ka ɗauki iyalinka."

Rilwanu da kansa ya kai jakar mota.

Da damina ta sauka Sadiqa ta haifi ɗa namiji, aka sa masa Halliru. Kafin ta dawo wani mai fenti ya ce zai kankare wurin ya shafa fentin mai, ba zai sake fitowa ba. Rilwanu ya ce ya sabunta ko'ina, amma bayan ƙofa ya bar shi yadda yake.

Ranar da ta dawo, matan gidan suka cika ɗakin, ana karɓar jariri hannu zuwa hannu. Aka tambaye ta sunansa don tsokana, ta rufe fuska ta ƙi faɗa, aka ce madalla, yarinya ta san kunya. Da kowa ya watse Rilwanu ya zauna kusa da ita, ya daɗe yana kallon yaron.

"A gaban mutane ki ji kunyarki, ban hana ba," ya ce. "Amma ki riƙa kiran sunansa yana farke. Kada ki jira sai ya yi barci."

Sadiqa ta ɗaga yaron daidai fuskarta, ta kira shi sau ɗaya a fili. Ya buɗe ido ya dube ta.

'Yan'uwana, sau da yawa abin da ke firgita mu ba mugun abu ba ne, rashin sani ne kawai ya ba shi wata kama. Da Sadiqa ta gudu ranar farko, ko ta yi wa mahaifinta tsaurin ido, da aure ya mutu a kan maiƙon bango, da kuma Rilwanu ya ƙare rayuwarsa yana zargin uwar da ta so shi fiye da kowa. Haƙurinta da biyayyarta da bincikenta ne suka tsare mata gidanta. Mu guji camfi, mu tambaya kafin mu yanke hukunci, kuma wanda muke so mu bari ya sani tun muna tare.